Jar Waya a Motar Baba

Ranar Litinin da safe motar ta sake ƙin tashi. Auta ta murɗa makulli, ta ji ƙas-ƙas sau biyu daga cikin bonet, fitilun gaban sitiyari suka yi kamar za su kawo, suka mutu. Ta sake murɗawa, ko ƙas ɗin ma bai fito ba.

Baba yana zaune a kujerar baya da jakar asibiti a kan cinyarsa. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana tuƙa motar haya kafin ciwon ƙoda ya zaunar da shi, ido da kunne kuma suka yi rauni. Da can, mota na yin tari zai faɗi abin da ke damunta tun ba a buɗe bonet ba. Yau taga kawai yake kallo.

"Baba, batir ne kuma?"

"Ke ce direba," in ji shi.

Litinin da Alhamis, ƙarfe takwas na safe, ake ɗora shi a kan na'urar wankin ƙoda. Kafin Auta ta buga ƙofar maƙwabcinsu mai motar kaya, ya nemo wayoyin jona batir, motar ta tashi, takwas ta riga ta wuce. Sun isa asibiti tara saura. Sistar da ke kula da ɗakin ta bari sai da aka ɗora Baba, sannan ta ja Auta gefe.

"Karo na biyu ke nan a jere. Na'ura huɗu gare mu, masu jiran gurbi kuwa sun cika takarda. In kuka sake makara ranar Alhamis zan ba wani safiyar, ku koma layin masu jira. Kin ji ni?"

Auta ta gyaɗa kai. Ita dama magana a gaban mutane wuya take mata, sai ta ji harshenta ya yi nauyi. Ta san abin da layin masu jira yake nufi. Ta taɓa ganin yadda ƙafafun Baba suka kumbura, numfashi ya gagare shi, a makon da ya rasa wanki sau ɗaya tak.

Da suka koma gida Inna na tsaye a bakin ƙofar ɗakin girki, hannu a ƙugu.

"Na faɗa tun ranar farko. Motar da take lafiya lau, kin kai ta an farke mata ciki. Mutumin nan canza mana batir ya yi."

"Inna, ba mu tabbatar ba."

"Ke ba ki tabbatar ba. Ni na tabbatar."

Kwana tara ke nan da yin aikin, kuma Auta ce ta kawo shawarar. Motar tsohuwa ce, esinta, wato na'urar sanyaya ciki, a gaba kaɗai yake ba da iska. In an sauke Baba daga na'ura jikinsa duk ya saki, sai ya zauna a baya yana haɗa gumi, wayar hannunsa kuma ta mutu tun a asibiti. Wata rana a wurin ajiye motoci ta leƙa wata mota, ta ga a bayan akwatin da ke tsakanin kujerun gaba akwai 'yan tagogin iska biyu da ramukan caji biyu. Ta daure ta tambayi direban, ya kwatanta mata shagon wani mai wayarin mota da ake kira Bahago.

Baba ya ce ƙafarsa ƙafarta. Ya zauna a kan benci a bakin shagon yana kallon komai kamar mai duba jarrabawa. Bahago ya kwance akwatin tsakiyar, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya jawo wani bututun roba tun daga inda iskar esi ke rabuwa a gaba, ya bi da shi ta gefen giya har baya. Da aka gwada, iskar da ke fitowa ba ta taka kara ta karya ba, sai ya ƙara wata 'yar fanka kamar tafin hannu a cikin akwatin, da ɗan makunni da ake mirginawa da yatsa. Wayoyin wuta biyu suka fito daga fankar da ramukan cajin. Baƙar ya ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen ƙarƙashin kujera. Jar kuwa ya ja ta zuwa akwatin fiyus da ke ƙarƙashin sitiyari.

A daidai nan ne ya ce igiyoyin roba na ɗaure waya sun ƙare masa, ko za ta tsallaka titi ta sayo. Ta tafi ta bar makulli a jikin motar. Da ta dawo ta tarar da kansa kusa da na Baba suna magana ƙasa-ƙasa, suna ganinta suka yi shiru. Sai da za su tafi ne idonta ya kai kan wata ƙusa a bangon shagon, ta ga ƙunshin irin igiyoyin nan a rataye, ko buɗe shi ba a yi ba.

A lokacin ba ta kawo komai a ranta ba. Yanzu kuwa ƙunshin nan ya tsaya mata a rai.

Yayanta, wanda ke aiki a wani gari, ya kira da rana. Shi ne ya karɓe makullin motar daga hannun Baba bara, ranar da Baba ya daki ƙofar gida da ita, ya danƙa wa Auta.

"Masu gyaran nan duk halinsu ɗaya," in ji Yaya. "Ki mayar masa ya cire tarkacensa. In bakinki ba zai buɗu ba ki haɗa ni da shi."

"Zan iya, Yaya."

"Ke ɗin? To, mu gani."

Da yamma ta buɗe bonet. Baba yana da wata ɗabi'a, duk batirin da ya saya sai ya sa ƙusa ya zana ranar a gefensa. Ta goge wurin da tsumma. Zanen yana nan, da irin bakwai ɗinsa mai ƙugiya. Ta gaya wa Inna.

"Wanda ya iya satar batir zai kasa zana bakwai?" in ji Inna.

Auta ta koma ta buɗe ƙofar baya don ta ɗauko tawul ɗin Baba. Makullin yana hannunta, motar a kashe, amma ɗan haske mai shuɗi yana kewaye da ramukan cajin. Ta kai bayan hannunta bakin tagar iskar, ta ji wata 'yar iska tana shafa ta. Ta kara kunne, ta ji fankar tana juyi a hankali. Ta mirgina makunnin, fankar ta tsaya. Ta yi ta ƙoƙarin tuna ko ta kashe ta da suka dawo daga asibiti, ta kasa. Ta kulle ƙofofin huɗu, ta jijjiga kowace.

Washegari Talata ta kai motar shagon ita kaɗai. Tun a hanya take bitar abin da za ta faɗa, amma da ta ga Bahago ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu, duk ya gudu.

"'Yar Baba, lafiya? Ina tsohon direba?"

"Yana gida. Malam, batir ke mutuwa. Sau biyu."

"Tun bayan aikina, ko? Faɗi mana, kada ki ji kunya. Kowa haka yake cewa, ko taya ce ta yi faci."

"Fankar tana juyawa ba makulli."

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya ɗauko fitilar gwaji, wata aba kamar sukudireba mai ƙwan lantarki a gindi, ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari. Ya taɓa wani fiyus, ƙwan bai kama ba.

"Wannan na rediyo ne, sai an murɗa makulli yake samun wuta." Ya taɓa wani, ƙwan ya kama. "Wannan na fitilar ciki ne, dare da rana da wutarsa. A nan na jona jar wayar."

"Kuskure ne?"

"Ba na irin wannan kuskuren."

"To me ya sa?"

Ya miƙe ya maƙala fitilar a aljihu. "Mayar da ita aikin minti biyar ne. Amma ba zan taɓa ba sai Baba na tsaye a nan."

Ta kalli ƙusar bangon, ƙunshin yana nan. Maganar ta fito da kanta.

"Ranar nan ka aike ni sayen abin da kake da shi. Na bar maka makulli. Ka yanka wani ne?"

Bahago ya dube ta. Wani mai gyaran taya da ke maƙwabtaka da shi ya daina buga ƙarfe ya juyo.

"Shekara goma sha shida ina wurin nan, ba a taɓa ce mini ɓarawo ba sai yau," in ji shi a hankali. "Don darajar mahaifinki zan yi kamar ban ji ba. Ki riƙa kashe fankar, batir ba zai mutu ba."

"Ina kashewa."

"To ki nemi mai kunnawa a gidanku, ba a nan ba."

Ta koma gida cike da kunya da haushi. Ta ajiye motar a inda take zama, gefen tsakar gida ƙarƙashin rumfar kwano, ta kashe fankar, ta kulle, ta tafi wurin koyon ɗinkin da take zuwa kullum ban da Asabar, daga ƙarfe biyu zuwa biyar. Da ta dawo ba ta shiga ɗaki ba, motar ta nufa. Ƙofofi a kulle. Ta buɗe. Fankar tana juyi. Ta zauna a kujerar direba, ƙafarta ta kasa kaiwa kulochi. An ja kujerar baya. Madubin tsakiya ma an ɗaga shi, rufin mota kawai take gani a ciki. Allurar mai ba ta motsa ba, tayoyin suna kan sawunsu.

A wurin cin abinci ta yi ta satar kallon mutanen gidan. Inna tana auna wa Baba ruwa a kofinsa mai layi-layi, tana ɗaga shi sama tana dubawa kamar mai sayar da turare. Baba ya karɓa ya kurɓa kaɗan. Mutumin da sai ya dafa bango yake zuwa bayan gida, shi zai fita har rumfa? Da wane makulli? Nata yana rataye a wuyanta tun ranar da Yaya ya ba ta. Ta kalli katangar gidan, ta ga ba ta da wani tsawo. Ta tuna maƙwabcinsu ya san motar ciki da waje. Ta sake tuna fuskar Bahago. Kowa ta ɗora a kujerar nan sai ta ga ya zauna daidai.

Laraba ita ce rana ta ƙarshe. Ƙarfe biyu ta ɗauki jakar ɗinkinta ta yi sallama da ƙarfi, ta buɗe ƙofar gida ta rufe, amma ba ta fita ba. Ta lallaɓa ta shige ɗan ɗakin ajiyar kaya da ke fuskantar rumfar, ta zauna a kan wani tsohon bokiti, ta sa ido a tsagar ƙofa. Zafi ya dame ta, sauro ya samu ƙafarta. Ta ji Inna ta gama wanke-wanke ta shiga ɗaki barcin rana. Gidan ya yi tsit.

Wajen ƙarfe uku labulen ɗakin Baba ya motsa. Ya fito da sandarsa, ba takalmi, yana taka ƙasa a hankali. Ya tsaya ya kalli ƙofar Inna. Ya zo jikin motar, ya cire hularsa, ya zaro wani siririn makulli daga cikin naɗinta. Auta ta gane shi. Tsohon makullin da ya yanka tun tana ƙarama ne, ƙofa kaɗai yake buɗewa, ba ya tayar da inji. Kowa ya manta da shi.

Ya shiga gaba, ya ja kujera baya, ya rufe ƙofar ba ƙara. Gilasan duk a ɗage, don kada a ji motsinsa. Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, ya mirgina makunnin, ya karkato tagogin iskar sama. Ya jona 'yar rediyonsa a ramin caji. Ya gyara madubi. Sannan ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari, bayansa ya miƙe. Ta ga kafaɗarsa tana motsi, yana taka kulochi yana sa giya, ɗaya, biyu, uku, motar tana tsaye a inda take.

Auta ta daɗe tana kallo kafin ta fito. Ta buɗe ƙofar baya da nata makullin ta shiga ta zauna. Baba bai firgita ba. Ya dube ta ta madubi.

"Mota ta cika, 'yammata. Ki jira ta baya."

"Baba."

"Ashe ɗinkin naku a ɗakin ajiya ake koyar da shi."

"Kai ka sa shi ya jona a fiyus ɗin fitila?"

Ya rage muryar rediyon. "Ni ne. Ya ce batir zai sha wuya. Na ce masa shekara talatin ban taɓa barin ko sigina a kunne ba, ba shi zai koya mini kashe abu ba. Na ce ya aike ki, kuma ya riƙe bakinsa."

"Ba ka kashewa, Baba."

"Ina kashewa mana."

"Jiya na same ta a kunne. Shekaranjiya ma."

"Ina saurarawa kafin in fita. In na ji shiru, na san na kashe."

Ta miƙa hannu ta cire rediyon. Motar ta yi shiru, ban da zuuu ɗin fankar da ke cika kunnenta.

"Yanzu me kake ji?"

Ya karkatar da kai, ya saurara. Ya daɗe. Ya kai hannu bakin tagar, iskar ta taɓa yatsunsa. Ya janye hannun ya ɗora a cinya.

"Ba na jin komai," in ji shi.

Can ya ce, "A cikin gidan can duk wanda ya gan ni sai ya ce ya jiki. Ruwa ma sai an auna. Nan kaɗai ne ba wanda ke tambayata komai."

"Da ka faɗa mini."

"Ki faɗa wa uwarki, ta faɗa wa yayanki, ya zo ya karɓe wannan ma?" Ya ɗaga siririn makullin.

"Sista ta ce in muka makara gobe za ta ba wani gurbinka. Kuma na je na ce wa mutumin nan ɓarawo a gaban jama'a."

Wannan karon sai da ya waiwayo gaba ɗaya. "Ke? Da bakinki?"

"Da bakina."

"Ikon Allah. Shekara ashirin muna jira ki yi magana, ashe a kan bawan Allah za ki fara." Ya sauke numfashi, ya buɗe ƙofa. "Zo ki karɓi kujerarki. Mu je tun bai rufe shago ba."

A shagon, Bahago ya gaishe da Baba, ya yi kamar bai ga Auta ba. Baba ya tsaya dafe da ƙofar motar.

"Mayar da wayar inda ka so tun farko. Kai ke da gaskiya."

"Ban ji ba, Baba. Kunnen nawa ne ko naka?"

"Ka ji sarai, ja'iri."

Bahago ya durƙusa, ya zare jar wayar daga fiyus ɗin fitila, ya mayar da ita na rediyo, ya naɗe da salatif. Ya cire makulli, hasken shuɗin ya mutu, fankar ta tsaya. Ya sa batirin a caji na awa ɗaya ba tare da an roƙe shi ba. Auta ta matso, idonta a ƙasa.

"Malam, ka yi haƙuri."

"Ya wuce, 'yar Baba. Ni ma da na gan ni da ƙunshin nan a bango da na zargi kaina."

Alhamis ƙarfe bakwai, murɗawa ɗaya motar ta tashi. Takwas saura kwata suna zaune a ƙofar ɗakin wankin. Sistar ta kalli agogonta, ta kalle su, ta ce Baba ya shigo. Da suka dawo Inna ta ce, "Kin gani ko? Da ya ga an gano shi ai ya dawo mana da batirinmu." Auta ta kalli Baba, Baba ya kalli kofinsa.

Amma tun daga hanyar dawowa daga shagon bai sake yi mata wasa ba. Juma'a da rana ta ga ya zauna a bakin gado yana juya hularsa a hannu. Yanzu fankar ba ta juyi sai da makullin inji, motar kuwa a rufe ba fanka kamar tanderu take, ya sani, ita ma ta sani.

Ranar Asabar ba ta da ɗinki. Wajen ƙarfe uku ta gaya wa Inna cewa mai wayarin ya ce a riƙa ɗumama inji kullum don batir. Ta fita ta sa sakata a ƙofar gida. Ta ɗauko wani ƙaton dutse ta tura gaban tayar baya, ta ɗauko wani ta tura bayanta. Sannan ta leƙa ɗakin Baba, ta ciro makullin daga wuyanta ta miƙa masa.

"Minti ashirin. Ba a sa giya."

Ya kalli makullin, ya kalle ta, kamar yana jiran ta janye. Ya karɓa.

Ya zauna a gaba, ita a baya. Ya murɗa, injin ya ɗauka, ya ɗan taka totur yana jin rawar motar ta tafin ƙafarsa. Iska mai sanyi ta fito ta 'yan tagogin ta bugi gwiwoyinta. Rabon da ta zauna a bayansa a mota tun tana 'yar makaranta. Ta ga ƙeyarsa ta rame, hular ta yi masa yawa.

Sai ta ga hannunsa na dama ya bar sitiyari yana gangarowa a hankali wajen giya. Nata hannun ya bi ta saman akwatin tsakiyar, ya sauka a kan birkin hannu. Baba ya ɗago ido ya same ta a madubi.

"Duwatsu biyun da kika sa wa tayata ba su isa ba?"

"Wurin caji nake nema, Baba."

"Wurin cajin yana gabanki, ƙasa da tagar iska."

"Na gani."

Ya mayar da hannunsa kan sitiyari, gefen bakinsa yana motsi. Auta ba ta ɗauke nata ba har mintuna ashirin ɗin suka cika.